An Iso Yankara Lahiya

Ɗakin binciken da aka ba ni a jami'ar yana ƙarƙashin ƙasa, sai ka sauka hawa biyu kafin ka kai gare shi. Ba taga, ba agogo a bango, sai fararen fitilu da ba a taɓa kashewa, da wasu manyan kwamfutoci jere a bayan gilashi suna gurnani ba hutu. Ni da na tashi a Tudun Wada ta Gusau, inda kana leƙa ƙofar gida za ka gaisa da mutum biyar, sai ga ni a wurin da zan wuni ba wanda ya ce mini sannu. Ranar farko sakatariyar sashen ta raka ni bakin ɗakin, ta miƙa mini katin da ake buɗe ƙofa da shi, ta nuna wani tebur a lungu ta ce nawa ne, ta juya abinta. A jikin ƙofar an jera sunayen ɗalibai. An kankare na ƙarshe an manna nawa, Bello, a kan wurin, amma in ka matsa kusa kana ganin shatin tsohon rubutu ta ƙasa.

Abin da ya kai ni ƙasar sanyin nan shi ne binciken ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan abin nan da bai wuce faɗin kwalin ashana ba, wanda shi ke aiwatar da duk umarnin da aka ba na'ura. Da Baba ya tambaye ni me za ni karanta, da gonarsa ta Kekun Waje na yi masa misali. Na ce in mutum ɗaya ke noma, kunya ɗaya zai kama sai ya kai ƙarshe ya dawo. In kuwa gayya aka yi, kowa tasa zai kama a lokaci guda. To aikinmu shi ne mu gano umarnan da ba sa jiran juna, mu sa ƙwaƙwalwar ta yi su tare. Baba ya ce ashe gayya za ni karanta a Turai, ai da na faɗa da wuri da ya koya mini a gida.

Akwai ɓangaren da ban gaya wa Baba ba, don na san ba zai burge shi ba. Ƙwaƙwalwar nan ba ta da haƙuri. In ta iso mararraba, inda ba za a san ko dama za a bi ko hagu ba sai an gama wani lissafi, ba ta tsayawa jira. Kintata take yi, ta kama hanya ɗaya ta ci gaba da aiki. In kintacen ya dace, ta ci riba. In bai dace ba, sai ta kwashe duk aikin da ta yi a kan wannan hanya ta zubar, ta share shi tas kamar ba a taɓa yi ba, ta koma mararraba. A aji abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, ban ga wani abin tsoro a cikinsa ba a lokacin.

Farfesan da ke duba aikina dogo ne mai taushin murya, kullum da murmushi, kuma takalminsa ba ya ƙara. Ba ka jin zuwansa, sai dai ka ɗaga kai ka gan shi tsaye a bayanka yana kallon abin da kake rubutawa. Aikin da ya ba ni ɗaya ne. Ya ce akwai wata manhajar gwaji, irin wadda ke kwaikwayon ƙwaƙwalwar da ba a riga an ƙera ba don a ga yadda za ta yi gudu. Wani ɗalibi ne ya rubuta ta ya bari, kuma sun ga alamar akwai abu mai kyau a ciki amma ba wanda ya iya karanta ta. In karanta, in gaya masa me take yi. Na tambaye shi ina ɗalibin yake. Ya ce ya tafi, ya ƙara faɗaɗa murmushinsa, na ga maganar ta ƙare ke nan.

Da na koma teburina na miƙe ƙafa, sai na ji na shuri wani abu. Na sunkuya, sai ga buta, koriya ta roba, irin ta kasuwarmu sak, har da ɗan zaren da aka ɗaura a hannunta. Kwana huɗu na yi ina zaga shagunan garin ina neman buta, ana kallona kamar na tambayi raƙumi. Ga ta nan a ƙarƙashin teburina, a goge fes, ba ƙura ko kaɗan. Na mayar da ita inda take.

Sannan na buɗe manhajar. Kowa a wannan fage da Turanci yake sa wa sassan aikinsa suna, sunaye sanannu da ko a barci zan iya jerawa. Wannan bawan Allah bai yi haka ba. Sashe na farko sunansa Gusau, na biyu Kwatarkwashi, na uku Tsafe, daga nan Wanzamai, sai Yankara. Na zauna ina kallon hanyar gidanmu a jere a fuskar kwamfuta, a ƙarƙashin ƙasa, a ƙasar da ko sunan Zamfara ba su iya faɗa ba. Na waiwaya bayana har sau biyu, ban san abin da nake zaton zan gani ba.

Makonni na ɗauka kafin in gane shirinsa, kuma da na gane sai da na yi dariya ni kaɗai. Gusau nan ne ake lodin umarnai. A Kwatarkwashi ake kintacen mararraba. Tsafe tasha ce, umarnai na zaune suna jira, wanda kayan aikinsa suka cika shi ke tashi ko da shi ne ya zo a ƙarshe. A Wanzamai ake yin aikin. Wanda ya kai Yankara kuwa ya fita daga Zamfara, aikinsa ya tabbata, ba a sake taɓa shi. Amma akwai sashe na shida da ba ya kan titi, ya ratse daga Tsafe ya shiga gefe, sunansa 'Yankuzo. Shi ne mafi tsawo, kuma shi ne na kasa ganewa.

Juma'ar farko da na yi a ɗakin, ni kaɗai ne a ciki da rana tsaka, ina shirin fita neman masallaci. Sai na ji gurnanin kwamfutocin bayan gilashi ya ƙaru, kamar an taka wa mota wuta. Wani shafi ya buɗe a gabana alhali hannuna na cikin aljihun riga. Layuka suka shiga gudu, Gusau, Kwatarkwashi, Tsafe, suna wucewa da saurin da ido ba ya bi. Na fita da sauri, ban ko rufe jakata ba. Da na dawo daga salla ɗakin ya yi tsit, an bar layi ɗaya a tsakiyar shafin: An iso Yankara lahiya. Ba lafiya ba, lahiya, yadda Inna take faɗa. Na zauna a ƙasa na karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ɗalibin da ke tebur na kusa da ni, wani mutumin Indiya mai yawan shiru, shi ya kwantar mini da hankali da ya shigo. Ya ce ba aljanu ba ne. Tsohon ɗalibin ne ya saita gwajin ya riƙa tashi da kansa duk Juma'a a ƙarƙashin sunansa, kuma tunda ba a san abin da zai lalace in an taɓa ba, Farfesa ya ce a bari. Na tambaye shi sunan mutumin. Ya ce bai riƙe ba. Duk wanda na tambaya a sashen haka ya ce, wasu ma sai sun dubi ƙofa kafin su amsa.

Wadda ta riƙe sunan ita ce Mama Hawa, wata dattijuwa 'yar Somaliya da ke share ɗakin da safe. Ta shigo wata rana ta same ni riƙe da butar, sai ta tsaya cik da tsintsiyar a hannu. Ta ce sunansa Lawali, kuma shekara biyu ke nan da tafiyarsa tana goge butar duk mako ko zai aiko a ɗauka. Ta ce mutum ne marar surutu, duk Juma'a in zai tafi masallaci sai ya ɗora wa na'urar aiki, wai kada ta zauna haka nan. Wata Litinin ta zo ta iske shi tsaye a bakin ƙofa yana manna katinsa, fitilar na nuna ja, yana sake mannawa, har ta kai ta kasa kallo. Da nata katin ta buɗe masa. Ya ɗauki rigar sanyinsa da dardumarsa, ya yi mata godiya, ya hau matattakala, daga nan ba ta sake ganinsa ba. Tun ranar da muka yi maganar nan Mama Hawa ta riƙa kawo mini shayi mai kayan ƙamshi a ɗan filas, da azumi kuma har da sambusa. Ban taɓa jin daɗin kyautar kowa kamar tata ba.

Wata bakwai na yi a haka. Sanyi ya shigo, rana ta koma faɗuwa tun kafin la'asar ta gida, ni kuma ina ƙasa ban ma san ta fito ba. Duk Juma'a na'urar ta farka, ta yi tafiyarta, ta sanar da isowarta. Na daina tsoro, har na fara jiran abin. Wani lokaci nakan amsa a fili in ce madalla, sannu da hanya. Kewar gida ta kai ni inda nake gaisawa da kwamfuta, kuma ban ji kunyar kaina ba.

Maƙwabcin nan nawa ne ya buɗe mini ido, wata rana muna cin abincin rana. Ya ce in lura, Farfesa ba ya ba mutum ɗaya matsala. Ɗalibai uku yake ɗora wa abu guda, kowa ta hanyarsa, ba tare da sun sani ba. Wanda ya fara kawo sakamako shi ake riƙewa, sauran sai a dakatar da tallafinsu a rufe katinsu. Haka aka yi wa Lawali, ya ce, don sunan ya dawo masa a ranar. Sai bayan ya tafi wani ya duba sakamakon gwajin Juma'a ya ga abin mamaki, ga shi kuma ba mai iya karanta rubutun. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ka san dalilin da ya sa aka ɗauke ka?" ya ce. "Farfesa ne ya sa sakatariya ta tace takardun masu neman gurbi, ta ware duk wanda ya fito daga jihar su Lawali. Kai kaɗai aka samu."

Na ture abincin gefe. Ni da nake taƙama da sakamakon jarrabawata, Inna har da rabon masa sadaka a unguwa don ɗanta ya fi kowa, ashe abin da aka gani a jikina shi ne na san hanyar Tsafe. Mako biyu bayan wannan hira na zo ranar Litinin na tarar da teburin maƙwabcina fayau, ko takarda ɗaya babu. A jikin ƙofa an kankare sunansa. Ba wanda ya yi maganarsa, ni ma ban yi ba.

A cikin kwanakin nan ne na gane 'Yankuzo. Wani ɗan layi ne ya nuna mini hanya, can cikin rubutun, inda Lawali ya bar wa kansa tuni da Hausa: Wanga aiki ba a zubar da shi, a aje shi gida, ana iya biɗar shi. Abin da ya hango shi ne, sau da yawa hanyoyi biyun da suka rabu a mararraba suna sake haɗewa a gaba kaɗan. Ke nan aikin da ƙwaƙwalwa ta yi a kan hanyar kuskure ba duka ne banza ba, za a sake neman wani. Maimakon a zubar, sai ya gina masa ɗan wurin ajiya a gefen hanya, ya sa masa sunan garinsu. Duk umarnin da aka kora sai ya je can ya zauna, in an dawo ana nemansa a same shi da aikinsa a gama. Na gwada da 'Yankuzo, na gwada ba tare da shi ba, na sake gwadawa har sau goma. Bambancin gudun ko makaho ya shafa zai ji.

Na kuma gane abin da ya kashe shi, don ni ma shi ke shirin kashe ni. Duk wayar da muka yi da Inna sai ta rufe da magana ɗaya, kada in hwaɗa ma kowa abin da nika shiri sai ya nuna, mutane na da baki. Da wannan aka raine mu. Mace ba ta shelar ciki, manomi ba ya yabon gonarsa tun tana kore. Lawali ya ɓoye aikinsa a cikin sunayen garuruwa yana jiran ya nuna, kuma duk mako in Farfesa ya tambaye shi sai ya ce ana ƙoƙari. A wurinmu wannan ladabi ne da tsantseni. A wurinsu kuwa mutumin da bai nuna komai ba, ba shi da komai. Ni ma wata bakwai ke nan ina ce wa Farfesa ana ƙoƙari, kuma na lura murmushin nasa ya fara gajarta. Duk Litinin in zan manna katina sai na riƙe numfashi har fitilar ta nuna kore.

Don haka na karya dokar Inna. Na hau ofishinsa na zana masa hanyar a allo, tun daga Gusau har Yankara, na nuna masa ratsen 'Yankuzo da abin da ake ajiyewa a can. Karo na farko ke nan na ga ya daina murmushi, ya miƙe tsaye yana kallon allon. Da ya zauna sai ya jero mini abin da za a yi. In canza sunayen duka zuwa Turanci, in kwashe manhajar zuwa ma'ajiyar sashe, in rufe tsohon shafin Lawali da duk abin da ke tashi a ƙarƙashinsa. Daga nan mu rubuta maƙala, sunana a gaba, nasa a baya, digirina kuma ya zama a hannu. Na ce masa ai aikin na Lawali ne, ni karantawa kawai na yi, ya kamata sunansa ya hau.

"Shekara biyu yana nan bai ce komai ba," in ji Farfesa, muryarsa a tausashe. "Wanda bai nuna aikinsa ba bai yi aiki ba. In abin ya dame ka ba komai, tunda ka riga ka yi mana bayani akwai wanda zai iya ƙarasawa."

Yana maganar idonsa na kan katin da ke rataye a wuyana. Na fito na sauka matattakala.

Ina so in ce na yi ta-maza, amma mako ɗaya kacal na iya riƙewa. Na tuna Baba da ya gama gaya wa abokan zamansa na ƙofar masallaci cewa Bello zai dawo da dakta. Na tuna kaina tsaye a bakin ƙofa ina manna kati yana nuna ja. Na ce wa kaina Lawali ya riga ya tafi, ƙin da zan yi ba zai dawo da shi ba, sai dai mu zama biyu. Duk hujjojin nan gaskiya ne, kuma ko a lokacin na san tsoro ne kawai ya yi musu kwalliya. Ranar Laraba na zauna na fara. Canza suna a manhaja ba shi da wuya, umarni ɗaya ne ya bi ko'ina ya share. Na share Gusau, na share Kwatarkwashi, na bi hanya har Yankara. 'Yankuzo na bari a ƙarshe, na sa masa wani suna mai sanyi da ke nufin ma'ajiyar sake amfani. Ranar Alhamis na rufe shafinsa.

Washegari da rana tsaka na zauna a teburina ina sauraro, ko da yake na san abin da na yi. Kwamfutocin suka ci gaba da gurnaninsu yadda suke, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Shirun nan ya fi ba ni tsoro a kan ranar da na fara ganin saƙon. Mama Hawa ba ta zuwa da rana, amma Litinin da safe ta tsaya a gefen teburina ta tambaye ni ko na'urar ta yi tafiyarta wannan makon. Na ce an gyara ta. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ajiye filas ɗin shayi kamar kullum ta ci gaba da shara. Da ta daina kawowa da ya fi mini sauƙi.

Maƙala ta fito, aka yaba, aka gayyace ni taro na yi bayani ana tafi. Sunan Lawali yana can ƙasan shafi na ƙarshe, cikin waɗanda aka gode wa, da ƙananan haruffa. Iyakar abin da na iya ke nan. Na sami digirina. Ranar da zan bar ɗakin, Mama Hawa ta sa butar a leda ta miƙo mini, ta ce in kai masa, in gaya masa tana gaishe shi.

Bayan na dawo Gusau sai da na yi wata biyu ledar na rataye a bayan ƙofa kafin na sami ƙarfin fita nema. An ce mini hanyar 'Yankuzo ba ta biyuwa kamar da saboda 'yan bindiga, kuma danginsa da yawa sun dawo Tsafe da zama. A tashar mota wani ɗan kamasho ya ji kwatancena ya yi dariya, ya ce ai Dakta nake nufi, wanda ya je Turai ya dawo da rigar sanyi. Haka direbobi ke tsokanarsa. Ya nuna mini wata ƙaramar mota da ke lodin Tsafe, da wani siririn mutum mai furfura kaɗan a gemu yana ɗaure buhu a but ɗin motar. Ni da ake kira Dakta da gaske, sai na ji sunan ya yi mini nauyi a ka. Na shiga gaba na zauna, ledar na tsakanin ƙafafuna.

Da hantsi muka tashi. Ba ya hira, ba ya kunna rediyo, hannu biyu yake riƙe sitiyari. Sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana a gabanmu na zaro butar na ɗora a cinyata. Ya dube ta sau ɗaya, ya mayar da ido kan titi, motar ko girgiza ba ta yi ba. Mun yi nisa kafin ya tambaye ni ko Mama Hawa tana nan da rai. Na ce tana nan, tana gaishe shi. Muka shiga Tsafe, fasinjoji suka sauka, muka rage mu biyu a mota.

"Kai anka kawo bayana?" ya ce.

Na ce ni ne.

"Ka gane 'Yankuzo?"

Na ce na gane, amma sai da na sha wuya.

"Ya yi gudu?"

"Ya yi, Malam Lawali. Ya wuce yadda kowa ya zata."

Ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya yi hamdala a hankali, ya ce dama ya san zai yi, kwana kaɗan ya rage masa ya nuna. Na zaro maƙalar daga jaka na miƙa masa ina shirin fara bayanin da na yi wata biyu ina haɗawa. Bai karɓa ba, ya ce hannunsa da baƙin mai. Bai tambayi sunan wa ke kai ba, kuma na ga a fuskarsa ba ya bukatar tambaya. Sai ya ciro wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya lalubo wani wuri, ya juyo mini da ita. Saƙonni ne a jere, ɗaya bisa ɗaya, ya yi ta ja da yatsa ba su ƙare ba, kowanne layi ɗaya: An iso Yankara lahiya. Ban taɓa sanin cewa ya saita gwajin ya riƙa aiko masa da kwafi ba.

"Kusan shekara ukku, duk Juma'a in an sauko masallaci sai in ishe shi," ya ce. "Ko makon da munka baro gida da kaya bisa kai, ya shigo. Sai in ce ma kaina, to, can dai ina nan, ba su kore ni duka ba. Sai wata Juma'a bai zo ba. Na ce ko wuta anka ɗauke, na manta can ba a ɗauke wuta." Ya yi ɗan murmushi, ya mayar da wayar aljihu. "Ka san wanda yak kashe shi?"

Akwai amsoshi da yawa da zan iya bayarwa, kuma duk ba ƙarya ba ne. Zan iya cewa Farfesa, zan iya cewa dokar sashe.

"Ni ne," na ce. "Da hannuna."

Ya gyaɗa kai ya ce to. Ya karɓi butar, ya fita, ya cika ta da ruwan jarka, ya tsuguna a inuwar mota ya yi alwala a natse, duk da azahar da saura. Da layi ya zo kansa ya tambaye ni zan koma da shi ko zan tsaya. Na koma da shi. Daga Tsafe har Gusau butar na tsakaninmu tana ɗan zubar da ruwa in mun faɗa rami.

Na rubuta wa masu mujallar ina neman a ƙara sunansa. Sun ce sai da amincewar Farfesa, shi kuma har yau bai amsa wasiƙata ba. Lambar Lawali kuwa a wurin ɗan kamashon nan na karɓa. Juma'ar da ta biyo baya, da aka sauko daga masallaci, na tsaya a gindin bango na rubuta masa layin nan yadda yake, har da lahiya, na tura. Ban san ko neman gafara ne ko ƙarin rashin kunya ba, kuma har yanzu ban sani ba. Bai amsa ba. Na sake turawa mako na gaba, da wanda ya biyo baya, shekara ta zagayo, bai taɓa amsawa ba ko da harafi ɗaya.

Wata Juma'a muka yi baƙi daga Bunguɗu, aka zauna cin abinci ana ta hira, na shagala ban tura layin ba har aka kusa kiran la'asar. Sai wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Na duba, lambarsa ce. Na tsame hannuna daga kwano, na goge a jikin riga, na rubuta masa.